Bashin Kuɗin Haya: Jawabi Ga Masu Gidaje Da Dillalai Na Agege



Shugaban taro, wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu dattawa, masu gidaje da dillalai, ina yi maku fatan alheri.

An umarce ni in yi magana a kan bashin kuɗin haya, abin da ya raba aminai da dama a unguwar nan, har ya kai wasu gaban alƙali. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma bashin haya ba daga sama yake faɗowa ba. Ranar da ka miƙa makulli babu takarda, ranar aka haife shi, kunya kuma ita ke renonsa.

Mun san yadda abin yake. Mutum ya sauka daga Kano ko Sakkwato, a ce ai ɗan garinmu ne, a ba shi ɗaki da baki kawai. Wata uku ya wuce shiru, mai gida yana jin nauyin tambaya. Damina ta faɗi, ɗan haya ya garƙame ɗaki ya tafi gida noma. Kafin ya dawo bashi ya kai na shekara, ga faɗa ya tashi, babu shaida ko ɗaya.

Saboda haka abu na farko, a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. A rubuta nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, wa zai biya na wuta da na shara. A nemi mai tsaya masa wanda aka san rumfarsa a kasuwa, shi ma ya sa hannu. Tun ran gini ran zane.

Na biyu, rasit. Dokar haya ta jihar Legas ta shekarar 2011, zamanin Gwamna Fashola, ta wajabta wa mai gida ya ba da rasit duk lokacin da ya karɓi kuɗi. Ta kuma hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda ya tatsi kuɗin shekara biyu a tashi ɗaya, kada ya yi mamaki in shekara ta uku ta zo aljihun mutum ya bushe.

Ku kuma dillalai, ku ji tsoron Allah. Aikinku bai ƙare ranar da kuka karɓi la'ada ba. Ku binciki sana'ar mutum, ku tambayi inda ya baro, ko da bashi ya taso. Kuɗin da kuka karɓa amana ne, ku kai wa mai shi a kan lokaci, kada a juya shi a kasuwa.

Na uku, a yi magana da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In wata ɗaya ya wuce, kira mutum gefe ka ji damuwarsa. Akwai wanda ya gaza, akwai wanda ya ƙi. Lokacin da gwamnati ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 na Legas a watan Yuni na 2022, yaranmu da yawa sun rasa abin yi ba da laifinsu ba. Irin wannan a saurara masa, kamar yadda addini ya horar, a raba masa biyan mako-mako, amma shi ma a rubuce.

Wanda ya ƙi kuwa, akwai mataki. A fara da mai tsaya masa, sannan liman ko fadar Sarki. In abin ya faskara, gwamnatin Legas tana da ofishin sasanta jama'a, kuma kyauta ne. Kotu ita ce ta ƙarshe. Bisa dokar 2011, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata 6, sannan a bi da notis na kwana 7 kafin a kai ƙara.

A nan ina jan kunnenmu. Kada fushi ya sa ka ɗebe kwanon rufi, ko ka cire ƙofa, ko ka sa yara su watsar da kayan mutum a titi. Dokar ta ce mai yin haka zai iya biyan tara har Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Ka ga mai bin bashi ya koma mai laifi ke nan, sunanmu kuma ya ɓaci a idon masu masaukinmu.

Ina roƙon ƙungiya ta buga takardar yarjejeniya guda da Hausa da Turanci, lauya ya duba ta, a raba wa kowane mai gida.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.