Hawan Sallah: Darasin Tarihin Da Muka Kalla Ba Mu Karanta Ba



Da shugaban ƙungiya ya ce in yi magana a kan bukukuwan gargajiya, sai na tuna da wata kunya da na sha a aji uku. An ba mu hutun ƙaramar Sallah, ni da abokaina muka tari mota a Kwanar Ɗangora muka tafi Kano kallon Hawan Daushe. Da muka dawo na cika ɗakin kwana da labari. Malam na tarihi, Allah Ya jiƙansa, ya tsayar da ni a gaban aji ya ce, "To, mai labari, su wa ka gani sanye da lifidi, kuma wane sarki ya kawo shi Kano?" Na yi tsuru-tsuru. Ashe ƙura na gano, ban ga hawa ba.

Ran nan Malam ya buɗe mana ido. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Kakaki da figini da dawakin zage da takalmin gashin jimina kuwa, na Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wato duk ayarin da ya wuce ka a Ƙofar Kudu, wani zamani ne ya wuce. Jahi da mahaya ke yi, su taho a guje su ja linzami gaban Sarki su ɗaga hannu, caffa ce ta mayaƙan dā. Har sunan wannan yanki namu, Bagauda, sunan sarkin farko ne da littafin ya lissafa, tun shekarar 999.

Baƙi ma sun san darajar abin. Da hawa aka tarbi Yariman Ingila a Kano a 1925, da shi aka tarbi Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka kuma yi gagarumin hawa a Kaduna lokacin bikin Festak na 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Ku dubi Amurka. Ba su da tarihin sarauta irin namu, amma a farkon ƙarni na 20 garuruwansu suka riƙa shirya wasan tarihi a fili, malamai da ɗalibai da manoma su sa tufafin kakanninsu su kwaikwayi yadda aka kafa garin. Faretin furanni na birnin Pasadena tun 1890 aka fara shi. Su ƙirƙirar nasu suka yi. Mu kuwa gado muka tarar, amma muna riƙon sakainar kashi da shi.

Ba zargi nake yi ba, abin da ido ya gani nake faɗa. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A 2024 da 2025 an sami Sallar da ta wuce ba a hau ba saboda rikicin masarauta. A 2019 an mai da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin Masarautar Rano, a 2024 aka soke dokar. Duk shekarar da doki bai fita ba, baduku bai sayar da linzami ba, mai ɗinkin jalala ya zauna, mai algaita ya rataye ta. A garinmu akwai wani tsoho mai haɗa sirdi. Da ya rasu na je ta'aziyya, na tarar an tara kayan aikinsa a zaure, 'ya'yansa duk sun kama acaɓa. Ba wanda ya zauna ya koya, ni ma ban taɓa zama na tambaye shi komai ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Na farko, mu ɗauki nauyin 'yan ajin ƙarshe su shiga ƙauyukanmu lokacin hutu, su zauna da zagage da makaɗa da dukawa da maƙeran likkafa, su naɗi maganarsu, su rubuta sunayen kaya da kirari, mu buga a wannan mujalla tamu. Na biyu, a ranar bikin ba da kyaututtuka a ware awa ɗaya yara su nuna tarihin Kano daga Bagauda zuwa Rumfa, kowane ayari da mai bayaninsa. Ko da dokin kara ne a fara. Ni na ɗauki nauyin rawuna da alkyabba na shekarar farko.

Malamanmu, ku kuka dasa wannan, Allah Ya saka muku da alheri. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta musu.