Kiwon Kunkuru da Amanar Jama'a

A ƙasar Bama, watau Miyanma, akwai wani irin kunkuru mai zanen taurari a ƙoƙon bayansa. Saboda kyansa, masu fataucin dabbobi suka yi ta kwasarsa zuwa ƙasashen waje, har ya zamana a farkon shekarun 2000 da ƙyar ake ganinsa a dawa. A 2004 aka tara guda 175, yawancinsu an ƙwato su ne daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, aka shiga kiwonsu a killace. Zuwa 2017 sun haura 14,000.

To, amma hayayyafa cikin shinge ba ta da wuya. Babban aiki shi ne mayar da su dawa inda ɓarawo ke jira. Saboda haka, da aka fara sakinsu a gandun Minzontaung a 2013, sai aka gayyato sufayen addinin Buddha suka sa musu albarka a gaban mutanen ƙauyuka, aka kuma yi wa kowane alama a ƙoƙo. Ta haka kunkurun ya zama amanar jama'a. Lalle shinge ba ya tsare abin da mutanen wuri ba su ɗauka nasu ba.