Idan Cak Ya Dawo Babu Kuɗi a Asusu

  

Maganarmu ta yau a kan cakin banki ce. Tiransifa ta rage masa kasuwa, amma har yanzu da shi ake biyan kuɗin haya da na kwangila, da shi wasu ke ɗaukar hatsi ko siminti bashi. Ku sani, cak ba kuɗi ba ne. Umarni ne kake ba bankinka cewa ya ɗebo daga asusunka ya ba wane. In asusun babu isassun kuɗi, banki ba zai cika maka daga aljihunsa ba.

A ce Alhaji ya ɗauki buhun masara ɗari a kasuwar Dawanau, ya rubuta cak, yana sa ran wani zai biya shi kafin Litinin. Mai masara ya kai cak bankinsa, aka tura wa bankin Alhaji, aka duba, kuɗi ba su kai ba. Sai a dawo da takardar da tambari, sau da yawa da haruffa uku a jikinta, DAR, wato a koma a tuntuɓi wanda ya rubuta. Mai masara ga shi babu kaya babu kuɗi, kuma shi ma manoma suna jiransa.

To me zai sami Alhaji? Da farko banki zai ci shi tara. A jadawalin cajin da Babban Bankin Najeriya ya fitar na 2020, tarar kashi 1 cikin 100 ce na kuɗin da ke jikin cak, ko naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Cakin miliyan biyu ke nan, dubu ashirin ta tafi. Wanda ya maimaita har sau uku kuwa, za a karɓe sauran takardun cakinsa, a kai sunansa ga Babban Banki da hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, a hana shi rance a bankuna har shekara biyar. Tunda akwai BVN, sauya banki ba zai ɓoye shi ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne shari'a. Tun 1977 akwai doka a ƙasar nan da ta ce duk wanda ya karɓi kaya ko bashi da cak, aka kai banki cikin wata uku daga kwanan watan da ke jikinsa, ya dawo saboda rashin kuɗi, ya aikata laifi. Hukuncinsa ɗaurin shekara biyu, babu zaɓin tara. Mafitarsa ɗaya ce: ya gamsar da alƙali cewa lokacin da ya sa hannu yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsammanin banki zai biya. EFCC ta sha gurfanar da mutane a kan wannan.

Saboda haka, kai mai rubutawa, duba asusunka kafin ka ɗauki biro. Kada ka sa hannu a cakin da ba a cike ba, ko da ɗan'uwanka ne ya nema. In ka ba da cak mai kwanan wata na gaba, ka ga kuɗin ba za su iso ba, je ka sami mutumin tun kafin ranar ku sake shiri. In kuma ya riga ya dawo, kada ka kashe waya. Biya abin da ya samu, ku rubuta ranar cika sauran a gaban shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Kai kuma mai karɓa, kada ka saki kaya ga wanda ba ka sani ba sai alat ya shigo, ka kuma tabbatar a banki. Kada ka ajiye cak a ƙarƙashin katifa: bayan wata uku ka rasa kariyar waccan doka, bayan wata shida banki ma ba zai karɓa ba. In ya dawo, riƙe takardar da tambarinta da kyau, ita ce hujjarka. Fara da sulhu a gaban Mai Unguwa ko shugaban kasuwa. In abin ya faskara, nemi lauya ya rubuta masa takardar neman biya, sannan kotu. Kada ka ɗebi samari ku je ƙwace masa babur, don sai mai gaskiya ya koma mai laifi.

Iyayenmu mata masu adashi da sarin kaya, wannan magana har da ku. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai zo ba. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ke da cakin da ya dawo, ya tsaya bayan addu'a mu duba tare. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a kasuwancinmu.