A Rabin Hanya Amsar Take: Jawabi a Taron Reshe



An nemi mu yi bayanin abin da muka koyo a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yayin bitar hutun da ya gabata. Mun shiga da fargaba, domin rabonmu da kwalaben awo tun muna kwalejin ilimi.

Asid iri biyu ne. Mai ƙarfi, kamar na batirin mota, yakan saki tsaminsa kusan duka cikin ruwa. Mai rauni, kamar na ruwan khal da tsamiya, kaɗan yake saki. Lambar da ke nuna yawan sakin ana kiranta Ka, kuma ita aka ce mu nemo.

Muka auna mililita 25 na asid ɗin khal da aka tsarma, muka riƙa ɗiga masa ruwan sodar sabulu da aka haɗa daidai da kaurinsa, muna rubuta awon tsami, wato pH, a kowane mataki. Awon ya fara daga wajen 2.9, yana hawa a hankali. Da soda ta kai mililita 25 sai ya yi tsalle ya haura 8, alamar asid ya ƙare. Daga nan muka waiwayi rabin hanya, mililita 12.5, inda rabin asid ya zama gishiri, rabi yana nan. Idan biyun suka yi kunnen doki, awon da aka rubuta shi ne pKa, wanda daga gare shi ake lissafa Ka. Mun sami 4.8, littattafai sun ce 4.76, wato Ka kusan 0.000017.

Wani rukuni daga cikinmu ya zuba ido yana jiran tsallen kaɗai, bai rubuta awon tsakiya ba, ya tashi babu amsa. Wannan ya tsaya mana a rai, domin ɗabi'ar rubuta abin da ido ya gani a ajinmu na firamare ake dasa ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba mu da ɗakin gwaji, amma muna da zoɓo da kanwa. A matse lemun tsami cikin ruwan zoɓo, yara su ɗiga ruwan kanwa suna ƙirgawa, suna rubutawa, har jan ya koma duhu. Sodar sabulu kuwa tana ƙona fata, kada ta shigo aji.

Muna roƙon kowane malami ya gwada wannan kafin ƙarshen zango, ya zo mana da littafin yaro ɗaya a taro na gaba. Allah Ya taimake mu.