Tarakta Mai Loda: Nauyin Baya, Ƙugiya da Sauran Kayan Aiki



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne yadda ake shirya tarakta wadda aka ɗaura wa loda, watau hannuwan nan biyu na ƙarfe da ke miƙowa gabanta da bokiti a bakinsu, waɗanda ake kwasar yashi ko taki ko buhunan hatsi da su. Wani zai ce wannan ai zancen makanikai ne, me ya kawo shi zauren jami'a? Amsarmu ita ce, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan, gobe su ne za a damƙa wa makullan taraktocin ma'aikatun gona da na manyan gonaki, su ne kuma za su sa hannu a ce wa direba ya fita aiki. In direban nan bai dawo gida da ƙafafunsa ba, wanda ya sa hannu yana da nasa kason alhaki.

Tarakta ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a 1980, an shigo da su da yawa, har ma an taɓa harhaɗa na Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano. Amma galibinsu domin jan garma da haro da tirela aka sayo su. Tun daga lokacin da Harry Ferguson ya fito da dabarar maƙala garma a wurare uku a bayan tarakta, wadda ta bazu da fitowar Ford 9N a 1939, ginin tarakta gini ne na abin da zai ɗauki kaya a baya. Shi ya sa ƙafafun baya suke manya, su ke turawa, su ne kuma ke da birki. Loda kuwa juya wannan tsari take yi, ta kai kayan can gaban ƙananan ƙafafu. Daga nan duk wata matsala ta samo asali.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin ba a gane wannan al'amari da baki kawai. Mu ƙaddara tarakta ce mai nauyin kilo 2,500 har da ƙarafan lodar, kilo 1,300 a kan ƙafafun baya, 1,200 a kan na gaba. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 2 ne, tsakiyar bokitin kuma tana mita ɗaya da rabi gaba da ƙafafun gaba. Bokitin yana cin lita 400, watau duro biyu ke nan. Jiƙaƙƙen yashin rafi yana kusan kilo 2 kowace lita, saboda haka cikin bokiti ɗaya ya kai kilo 800. To, ƙafafun gaba sun zama kamar tsakiyar sikelin mahauta: abin da ya danne wannan gefe sai ya ɗaga wancan. Kilo 800 sau ɗaya da rabi, a raba biyu, ya ba mu kilo 600. Wannan shi ne nauyin da ya tashi daga kan ƙafafun baya. Sauransu 700 ke nan. Na gaba kuwa sun ɗauki yashin duka, sun kuma ɗauki 600 ɗin da baya ta sauke, sun koma 2,600, fiye da ninki biyu na abin da suke ɗauke da shi da farko.

Ku dubi abin da wannan ke nufi ga mutumin da ke kan kujera. Ƙafafun da ke da birki sun rasa kusan rabin abin da ke danne su a ƙasa, don haka a gangare yana iya taka birki tayoyin su tsaya cak, tarakta kuwa ta ci gaba da sulalewa. Sitiyari ya yi nauyi. Ƙananan tayoyin gaba da ƙarfen da ke riƙe da su suna ɗauke da abin da ba a yi su dominsa ba.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani. Muna ganin tarakta da ƙafa huɗu, amma a haƙiƙa tsayuwarta irin ta tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku. Ƙarfen ƙafafun gaba a kan ƙusa ɗaya yake lilo a tsakiya, don tayoyin su riƙa bin tudu da kwari. Saboda haka wuraren da tarakta ta dogara a kansu su ne tayoyin baya biyu da wannan ƙusa ta gaba. In aka zana layi tsakaninsu za a sami siffa mai kusurwa uku, mai faɗi a baya, mai tsini a gaba. Muddin cibiyar nauyin tarakta na cikin wannan siffa, tana tsaye. Kayan loda yana jan cibiyar zuwa gaba, inda siffar ta tsuke, in kuma aka ɗaga bokiti sama sai cibiyar ta hau sama. A wannan hali ɗan rami kaɗan, ko kunya guda da tayar gefe ta hau, ko karya kwana da sauri, ya isa ya kifar da ita.

Maganin wannan shi ne a ƙara nauyi a baya, kuma hanya uku ce aka sani. Ta farko a zuba ruwa a tayoyin baya. Akan ɗaga ƙafar da jak, a juya taya har bawul ya zo can sama, a zuba ruwa har ya kai bakin bawul, wanda ya yi daidai da kashi uku cikin huɗu na cikin tayar, sa'an nan a cike sauran da iska. Ba a cika ta fal, domin iskar ce ke ba taya laushi. Taya mai lamba 16.9-30 tana cin fiye da lita 250, kowace lita kuma kilo ɗaya ce, kun ga rabin tan ke nan a tayoyi biyu, ba tare da an sayi kome ba. A ƙasashen sanyi sukan narka wani gishiri mai suna kalsiyam kuloraid a ciki don kada ruwan ya daskare, gishirin kuma yana cin wili da tsatsa. Mu nan Allah ya hutar da mu, ko a tsakiyar hunturu ruwan famfo ya wadatar. Hanya ta biyu ita ce ɗaura faifan ƙarfe masu nauyi a jikin wili, waɗanda ke da tsada amma ana iya cire su.

Hanya ta uku ita ce a ganinmu ta fi, watau a rataya nauyi a maƙalin garma na baya. Dalili kuwa lissafi ne. Ruwan taya yana zaune ne daidai kan ƙafafun baya. A misalinmu zai mai da 700 ya koma 1,200, amma ƙafafun gaba suna nan da 2,600 ɗinsu, bai rage musu ko kilo ɗaya ba. Akwatin nauyi mai kilo 600 da aka rataya mita ɗaya bayan ƙafafun baya kuwa, shi ma sikeli yake yi, sai dai ta ɗaya ɓangaren: yana ɗage kilo 300 daga gaba, ya ƙara 900 a baya. Baya ta koma 1,600, gaba ta sauko 2,300. Ba lalle sai an yi odarsa daga waje ba. Duron lita 200 da aka cika da kankare yana kai wajen kilo 480, kuma mai walda na gari zai iya tsaga shi da sandar ƙarfe mai kauri wadda bakunanta za su shiga hannuwan maƙalin, da kunne a sama don sanda ta uku, tun kafin a zuba kankaren. Wanda ba shi da wannan ya bar haro ko garma a rataye, ya fi babu, sai dai ya tuna cewa bayansa ya yi tsawo in zai juya kusa da bango ko mutane. In an haɗa ruwan taya da nauyin baya ya fi kyau, a kuma buɗa tayoyin baya zuwa iyakar faɗinsu, a ƙara wa na gaba iska gwargwadon abin da littafin kamfani ya faɗa. Wannan littafi, wanda a yawancin wurare akan kulle a durowar ofis har ya ɓata, shi ne ke ɗauke da iyakar abin da kowace ƙafa za ta iya ɗauka, kuma nauyin baya ma in ya wuce ƙima lahani ne.

Sai mu koma kan ƙugiya. Duk wanda ya sami loda, ba ya daɗewa sai ya so ɗaga abin da ba ya shiga bokiti, injin ban ruwa ne ko gungumen itace ko janareta, daga nan sai a kira mai walda ya liƙa ƙugiyar sarƙa. Yawanci a tsakiyar leɓen bokiti na sama ake liƙa ta, domin nan ne ya fi kyan gani, nan ne kuma ya fi rauni. Ƙarfen wurin siriri ne, ba abin da ya tokare shi, kuma ɗagawa kaɗan za ta lanƙwasa shi. Inda ya dace shi ne ƙugiya biyu, kowace daidai saitin hannun loda, inda ƙarfin yake, a kan faranti mai kauri da aka fara liƙawa don ya rarraba nauyin. In za a ɗaga abu ɗaya, a raba sarƙar tsakanin ƙugiyoyin biyu. Ɗagawa da ƙugiya ɗaya ta gefe tana murɗa hannuwan lodar, tana kuma jan tarakta zuwa gefen da za ta faɗi. Girman ƙugiya ya dace da girman sarƙa, domin irin mai tsukakken baki ana so ƙwayar sarƙar ta zauna a ciki daram. Sarƙa ma iri-iri ce: mai lamba 70 ta ɗaure kaya ce a kan mota, mai lamba 80 zuwa sama ita aka yi don ɗaga kaya. Wadda ba ta da lamba ko kaɗan, kamar yawancin na kasuwa, ba wanda ya san ƙarfinta, saboda haka kada kowa ya tsaya kusa da abin da ta ɗaga. A gajarta sarƙa, domin kayan da ke reto yana jan tarakta duk inda ya nufa.

Abu guda da muke roƙo a hana ko'ina: jan mota da ta kafe, ko tumɓuke kututture, da ƙugiyar loda. Loda ta ɗagawa ce. Ja yana da wurinsa, watau ƙarfen ja da ke ƙasa a bayan tarakta, wanda aka sa shi ƙasa-ƙasa da gangan.

Game da sauran kayan da ake sauyawa a bakin loda ba za mu tsawaita ba. Akwai cokali mai yatsu na kwasar takin turke, akwai yatsu biyu dogaye na ɗaukar kaya a kan katako, akwai tsinken soke damin ciyawa. Lodojin zamani suna da baki na sauyawa cikin sauri, kuma iri biyu ne suka fi yawa, wanda ake kira na Turai da wanda ya samo asali daga injinan Bobcat na Amurka. Ba sa shiga juna, don haka mai saye ya duba bakin lodarsa kafin ya biya kuɗi. Bayan an sauya, direba ya sauko ya ga da idonsa cewa sakatun sun shiga, sa'an nan ya danna bakin abin a ƙasa ya gwada. Yatsu masu tsawo suna kai kaya nesa da ƙafafun gaba, kuma mun riga mun ga abin da nisa ke yi a lissafi, saboda haka a tura kayan har ƙuryar yatsun. Babban dami ko duro kuwa kada a ɗauke shi a bokiti a ɗaga sama, domin yayin da hannuwan ke tashi bokitin yana kwantowa baya in lodar ba mai daidaita kanta ba ce, kayan sai ya gangaro ta kan hannuwan ya faɗo wa direba.

Man haidirolik da ke ɗaga wannan duka yana tafiya da matsi mai tsanani. In tiyo ya yi 'yar huda, man da ke tsartowa yana iya huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar cizon sauro a ido alhali yana iya jawo yanke yatsa. Da kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba, wanda ya same shi kuwa asibiti nan take. Kafin a kwance tiyo a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a motsa sandar sarrafawa gaba da baya don matsin ya fita.

A wajen tuƙi, bokiti ya kasance ƙasa-ƙasa, iyakar yadda ba zai taɓa ƙasa ba, ba a ɗaga shi sai an iso inda za a juye, a wuri mai shimfiɗa, bayan an duba sama ko akwai wayar lantarki. A haɗa takalman birki biyu da sakatarsu. In da kaya a tudu, kayan ya fuskanci saman tudun, watau a hau da gaba, a sauko da baya. Ɗaukar leburori ko yara a bokiti, wanda muke gani a hanyoyin ƙauye kamar ba kome ba, ya kamata ya zama laifin da ake karɓe makulli a kansa.

Saura ƙarfen kariya da ake kafawa bisa kan direba. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, Amurka kuma ta wajabta shi a 1976 ga waɗanda ma'aikatan gona ke tuƙawa, kuma a Suwidin mace-macen kifewar tarakta sun ragu ƙwarai bayan haka. Aikinsa shi ne ya bar wa direba sarari in ta kife, amma sai in ya ɗaura bel, don kada ta wurgo shi ƙarƙashin ƙarfen. Tsofaffin taraktoci da yawa a ƙasar nan ba su da shi, wasu kuma an cire an maye gurbinsa da rumfar kwano don inuwa, wadda ba za ta tare kome ba. Shawararmu ga duk wanda aka ba amanar taraktoci ita ce, wadda ba ta da wannan ƙarfe kada a ɗaura mata loda har sai an samo mata na ainihi, wanda aka ƙera domin irinta.

Shugaban taro, iyakar abin da muka tanada ke nan.