Kafin ka sayi sabuwar sensa, a fara duba waya



Yau maganar mota za mu yi. Watan jiya motar yayana, wadda yake haya da ita tsakanin Katsina da Daura, ta ɗauko wani hali: sai an daɗe ana murza makulli kafin ta tashi, in ta yi zafi kuma ta mutu. Ranar da ta mace mana a Ƙofar Ƙaura da fasinja cike, wallahi na tausaya masa. Da motar nan yake ciyar da mutum bakwai.

Gareji na farko aka canja fulogi. Na biyu aka ce famfon mai ne. Kuɗi suka tafi, ciwo yana nan.

Sai wani yaro mai wayarin ya jona mata na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari. Ta nuna P0340, wato matsala a layin sensar kamshaf. Kamshaf shi ne sandar da ke buɗe bawulolin inji. Sensar ke gaya wa kwamfutar mota inda ya kai a juyinsa, don ta san silindar da za ta ba mai da wuta. In saƙon ya yanke, kwamfuta ta koma lalube.

Ni da azarɓaɓina na ce a sayo sabuwa. Yaron ya ce, "Yaya, dakata. Lambar nan layi ta ce, ba ta ce sensar ce ta mutu ba."

Ya zare soket ɗin sensar, sai ga baƙin mai a ciki. Wayoyi uku ne: mai kawo wuta, mai mayar da ita jikin mota, da mai kai saƙo. Ya auna kowace da mita. Ashe ta saƙon ce zafin inji ya cinye wa roba, tana taɓa ƙarfe. Ya wanke, ya ɗaure, ya goge lambar, muka zaga gari har inji ya yi zafi. Lafiya lau.

Ku riƙe wannan: P0335 ta sensar kiranshaf ce, alamominsu suna kama. In kuma P0016 ta fito, a duba sarƙar taimin, wataƙila ta saki. Batir mai rauni ma yana jawo lambar ƙarya.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan soket a motocinta, yawancin 'yan Beljiyam ɗinmu suna da shi. Amma masu iya karanta lambar su bi waya da mita ba su da yawa. Mu da ke zaune da kwalin digiri muna jiran aiki, ga sana'a nan tana neman mai karatu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu sa'a.