Tambarin da ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta



Mu da muke tattara tsofaffin kwamfutoci a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, tarihin ƙira muke bi. A 1981 kamfanin IBM ya fito da tasa a Amurka, amma in an kwance irinta, sau da yawa sunan Maleshiya ake tararwa a jikin ƙwaƙwalwar, domin tun 1972 Intel ya kafa masana'anta a Penang. Zinarin da aka shafa a bakin allunanta kuwa, irinsa ake haƙa a Anka da Maru, ya fita ɗanye, babu sunanmu a ko'ina.

Saboda haka muna roƙon ma'aikata: kada ku miƙa wa 'yan gwangwan tsofaffin na'urorin ofis. Ku kawo su jami'a, ƙannenmu su kwance, su koyi yadda aka haɗa su.